Bashin da suke bi ya kai miliyan 140, tanadinsa ya sauka zuwa 7: in zuba kuɗina ko in dakata?

Dan_Lopere:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san takardun lissafi. Akwai wani kamfanin sari a nan Garwa da ke raba wa 'yan kanti shinkafa, sukari, fulawa, man girki da sabulu. Mutum uku ne suka haɗa jari, yanzu ɗaya yana son fita, aka yi mini tayin kasonsa, kashi ɗaya cikin huɗu, a kan sefa miliyan 25. Sun ce dukiyar kamfanin miliyan 100 ce bayan an fidda abin da ake bin su, ita aka raba huɗu.

Sun ba ni bilan, wato takardar lissafin ƙarshen shekara, na shekara biyu. Karatuna bai kai nan ba, amma wani abu ya tsaya mini a rai. Bashin da suke bin masu ɗaukar kaya a ƙarshen 2023 miliyan 80 ne, a ƙarshen 2024 ya zama 140. Tanadin da suka ware saboda bashin da ake shakkar dawowarsa kuwa daga miliyan 8 ya sauko zuwa 7. Ciniki ya tashi daga miliyan 600 zuwa 660, riba kuma sun rubuta miliyan 18. Na tambayi manajan, ya ce ai saukar tanadin alama ce ta mutanensu suna biya. Filin gadonmu na sayar, shi ya sa nake tsoro. Maganarsa tana kan hanya?

Mai_Albasa:
Wa alaikumus salam. In suna biya, me ya kai bashin 140? Ni ban yi boko ba, amma wannan kam ko a kasuwar albasa ba za ta shiga ba.

Kontabul_Marwa:
Malam Dan_Lopere, madalla da ka tambaya kafin ka sa hannu. Ɗauki alƙalami mu yi tare. 8 cikin 80 kashi 10 cikin ɗari ke nan. 7 cikin 140 kashi 5 ne. Wato bara suna cewa a kowace dubu goma da suke bi, dubu ɗaya ba su da tabbas a kanta, bana sun ce ɗari biyar ce kawai. Cikin shekara ɗaya masu cin bashinsu sun ninka gaskiya ke nan? Mai yiwuwa ne, amma su za su kawo hujja, ba kai ba.

Na biyu, cinikin ya ƙaru da kashi 10, bashin ya ƙaru da kashi 75. Raba bashin da cinikin shekara ka ninka da 360, za ka ga kwana nawa kuɗinsu ke yi a hannun mutane. A 2023 kwana 48 ne. A 2024 ya kai kwana 76. Kusan wata guda aka ƙara. Ka kuma lura, ƙarin cinikin miliyan 60 ne, ƙarin bashin ma miliyan 60 ne cif. Kamar dai duk abin da suka ƙara sayarwa bana, ko sisi bai shigo aljihu ba.

Na uku, da sun bar tanadin a kashi 10 kamar bara, da miliyan 14 zai zama. Miliyan 7 ɗin da ba su ƙara ba daga riba za a cire ta, 18 ta koma 11. Ban ce sun yi maguɗi ba, na ce dai ribar nan tana tsaye a kan ƙiyasin mutum ɗaya.

Maman_Ikram:
Ku yi mini haƙuri, ni mai atamfa ce a Ngaundere. Wannan miliyan 7 ɗin a banki suke ajiye ta ko a ina? In akwai ta a ajiye ai da sauƙi.

Kontabul_Marwa:
Hajiya, babu akwatin da aka zuba ta, kuma mutane da yawa nan suke ruɗewa saboda kalmar tanadi. Ba kuɗi ba ne a hannu, ragi ne a takarda. Kamar ki ce ina bin mata turmi ɗari, amma a zuciyata na san biyar ba za su dawo ba, sai ki rubuta 95 a matsayin dukiyarki. A tsarin rubuta lissafi na SYSCOHADA da muke aiki da shi a Kamaru da Cadi, kowane asusu da lambarsa, bashi mai lafiya yana lamba 411. In aka fara shakka ko rigima ta shiga, a mayar da shi 416. Ragin da ake yi masa yana 491, nauyinsa kuma ya hau kan ribar shekarar ta lamba 659. Shi ya sa mai son ribarsa ta yi kyau a ido ba ya son taɓa wannan layin.

Maman_Ikram:
To ashe ni ma ina yin 491 ban sani ba. Akwai shafin baya a littafina da nake rubuta waɗanda na fidda rai da su. Akwai wadda ta ɗauki turmi shida na anko tun bikin ƙanwarta, yanzu ƙanwar tana goyon na biyu. In mun haɗu a gidan suna ita ke fara gaishe ni, har da tambayar ya kasuwa.

Tsohon_Banki:
Ina gaida zaure daga Njamena. Kontabul ya yi bayani mai kyau, amma kada a yanke wa kamfanin hukunci da kaso kaɗai. Tanadi yana iya sauka ta hanya uku, kuma ba ɗaya suke ba. Ko wanda ake shakka ya zo ya biya, aka mayar da ragin. Ko an haƙura da bashin gaba ɗaya aka share shi daga littafi, sai shi da tanadinsa su fita tare. Ko kuma ba abin da ya faru, hannu kawai aka sa aka rage. Ta farko alheri ce, ta biyu asara ce da aka riga aka amsa, ta uku ita ce abin gudu.

Ɗana Dan_Lopere, ka ce su nuna maka motsin 491 na shekarar: nawa aka fara da shi, nawa aka ƙara, nawa aka mayar. Sannan ka duba lamba 651, nan ake rubuta bashin da ya mutu murus. In ka ga an mayar da miliyan 3 ta 759, lambar da ake rubuta ragin da aka mayar, amma 651 babu komai, ka ce a nuna maka rasit ɗin ranar da kuɗin suka shigo. Shekara talatin na yi ina karanta bilan na 'yan kasuwa masu neman rance. Ban taɓa ganin wanda ya zo da bashi mai shakku da yawa a shekarar da yake neman kuɗi ba, kullum a wannan shekarar kowa mai gaskiya ne.

Dan_Lopere:
Na gode Baba. Na rubuta lambobin. To in sun ce sirrin kamfani ne fa?

Tsohon_Banki:
Mai neman miliyan 25 ɗinka ba shi da sirrin da zai ɓoye maka a kan abin da yake sayar maka. In sun hana, ka samu amsarka.

Alhaji_Sari:
Ni dai ina ganin 'yan takarda kuna tsananta abin. Shekara ashirin da biyu ina sari tsakanin Garwa da Gidar da Figil. Wanda bai ba da bashi ba ba zai sayar da buhu ɗari a wata ba, wannan kowa ya sani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma ku lura da ranar da ake rufe lissafin, 31 ga Disamba. Lokacin ne kaya suka fi fita saboda bukukuwan ƙarshen shekara, 'yan kantin ƙauye kuma suna jiran manoma su karɓi kuɗin auduga kafin su biya. In ka ɗauki hoton bashina a Disamba za ka ce na karye, ka dawo a Afrilu ka gani. Kwana 76 ba abin tashin hankali ba ne a sana'ar nan.

Anti_Bilan:
Alhaji, maganarka gaskiya ce, amma 2023 ma a Disamba aka rufe ta, kuma auduga ba bana aka fara nomanta ba. Disamba da Disamba aka gwada, aka samu 48 da 76. Lokacin shekara ba zai bayyana wannan tazarar ba.

Amma ka kawo abu mai amfani ba tare da ka nufa ba. Tunda yanzu mun wuce Disamba da watanni, ba sai an yi ta hasashe ba. Dan_Lopere ya karɓi jerin sunayen waɗanda ake bi a ranar 31 ga Disamba, ya ɗora shi kusa da takardar banki da littafin kes na Janairu zuwa yau. Wanda ya biya ya biya. Wanda wata huɗu ba a ga ƙeyarsa ba, shi ne abin magana. Mu masu binciken lissafi da wannan muke fara aiki, ya fi kowane kaso faɗin gaskiya.

Alhaji_Sari:
Wannan kam na yarda da shi, Hajiya. Gani ya kori ji.

Dalibi_Dang:
Salam manya. Ina shekara ta uku a fannin lissafin kuɗi a jami'ar Ngaundere. Ina da gyara kaɗan ga Kontabul_Marwa, in an yarda. Bashin da ke 411 da TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a cikinsa, ciniki kuma ana rubuta shi ba TVA. In aka raba su haka kwanakin za su kumbura. A Kamaru TVA kashi 19.25 ne. Kuma an koya mana ragin ana lissafa shi ne a kan kuɗin da ba TVA.

Kontabul_Marwa:
Gyaranka ya karɓu, ƙanena. Sai dai abu biyu. Kayan masarufi da dama an yafe musu TVA, to sai an bi faktir, wato takardar ciniki, ɗaya bayan ɗaya kafin a san nawa za a cire. Kuma ko ka cire, shekara biyun duka za ka cire wa, tazarar tana nan daram. Ka riƙe wannan don jarrabawa, amma kada ya ɗauke maka hankali daga inda ciwon yake.

DanMubi:
Ni daga tsallaken iyaka nake, amma rabin cinikina da mutanen Garwa ne. Abin da ba a ambata ba shi ne su wane ne ake bin. In akwai 'yan Najeriya a ciki, a tambaya da wane kuɗi aka yi cinikin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 na ga mutanen kirki sun kasa biyan bashin sefa. Mutum ya ɗauki kaya, ya sayar da naira, kafin ya tara ya canza kuɗin sun zube a hannunsa. Ba cuta ya yi niyya ba, amma kuɗinka ba su dawo ba dai. Haka aka yi da aka rufe iyaka a Agustan 2019, fiye da shekara kaya da kuɗi suka maƙale. Akantanmu a nan ya ce tarihin biyan mutum ba ya aiki ranar da ƙasa ta juya.

Uwar_Gida_Yagwa:
Wallahi haka ne. Ambaliyar 2024 a nan Yagwa ta cinye kantuna da kayan ciki. Maƙwabcinmu bai taɓa wuce sati biyu bai biya mai ba shi kaya ba, dare ɗaya ruwa ya shiga ya jiƙa buhunan sukari da fulawa, sukarin ma narkewa ya yi aka tarar da buhu ba komai. Har yau bai miƙe ba. In kamfanin nan yana da mutane a yankinmu kuma tanadinsa ya ragu a wannan shekarar, to akwai tambaya.

Dalibi_Dang:
Wannan shi ne abin da ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa IFRS 9 ta zo da shi tun 2018, a yi tanadi bisa asarar da ake hange, ba sai wadda ta riga ta bayyana ba.

Anti_Bilan:
Haka ne, amma kamfanin sari na mutum uku a Garwa ba IFRS yake bi ba, SYSCOHADA ne, wanda aka sabunta ya fara aiki a Janairun 2018. Shi kuwa abin da ya fi nema shi ne a bi bashin mutum-mutum, a ce wane ana shakkarsa saboda kaza. Kuma ba sai an je ga IFRS ba kafin a san wanda ruwa ya ci kantinsa abin shakka ne. Ƙa'idar taka-tsantsan da ke cikin tsarinmu ta isa.

Direban_Tirela:
Ni duk wannan lambobin sun fi ƙarfina. Abin da na sani, in na sauke kaya a Kusiri aka ce mini "Alhaji ya fita, ka dawo gobe" sau uku, to wannan 416 ne.

Malam_Kusiri:
Direba ka ba ni dariya. Bari in ɗan sa baki ta ɓangarenmu. Wannan rarrabewar da kuke yi ba baƙuwa ba ce a wurin malamai. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, in ya zo fidda zakka, yana ƙidaya bashin cinikin da yake sa ran samu ya haɗa da dukiyarsa. Wanda ya fidda rai da shi kuwa ba ya ƙidaya shi, sai ranar da ya shigo hannu. To ka ga kowace shekara ana so ɗan kasuwa ya zauna ya tace littafinsa, ya raba mai rai da matacce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kafin ta kuma, aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Abin da nake so a gane shi ne, jinkirta wa mutum daban, ɓoye wa mai saye halin bashin daban. Kana iya yi wa wanda ambaliya ta ci haƙuri har shekara biyar, lada ce. Amma ba ka da damar sayar wa Dan_Lopere wannan bashin a kan cikakken kuɗinsa kana sane. Aibin haja ne, wajibi a bayyana.

Alhaji_Sari:
Allah ya saka, Malam. Amma a yi adalci, akwai masu yin akasin haka. Na san inda aka kumbura tanadin da gangan don riba ta ragu a gaban 'yan impo, wato masu haraji, ko don a sallami abokin tarayya da araha, bayan ya tafi sai ga basussukan "matattu" sun tashi suna biya. Ba kullum ƙaramin kaso ne ƙarya, babba gaskiya ba.

Kontabul_Marwa:
Tabbas ana yi, kuma shi ya sa masu haraji ba sa karɓar tanadin da aka yi a dunƙule. Suna son suna, da dalili, da shaidar cewa an bi kuɗin: wasiƙar tuni, takardar hwisiye (jami'in da ke kai wa mutum takardar shari'a), ƙarar kotu. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ƙananan kamfanoni su ƙi yin tanadin sam, su ce tunda impo ba za ta cire mana ba me ya sa za mu rage ribarmu. Kuskure ne, don bilan ba na impo kaɗai ba ne. Amma a nan wanda zai fita shi ke sayarwa, amfaninsa dukiyar ta yi nauyi. Ka duba wa ƙiyasin ya yi wa daɗi, sai ka san ta wane gefe za ka bincika.

Dan_Lopere:
Jama'a na dawo. Na je jiya, da ƙyar manajan ya sa aka buga mini jerin bashin bisa tsufansa. Ga yadda yake: wanda bai kai wata ɗaya ba miliyan 52. Wata ɗaya zuwa uku miliyan 33. Wata uku zuwa shekara miliyan 31. Wanda ya haura shekara miliyan 24. A cikin 24 ɗin nan, miliyan 15 mutum ɗaya ne, wani ɗan kasuwa a Mbaimbum, kuma da na matsa sai aka ce surukin ɗaya daga cikin masu kamfanin ne. Ba a yi masa ragin ko sisi ba, wai "na gida ne, ba zai ci ba". Akwai kuma miliyan 9 na wani ofishin hukuma da suka kai wa kaya, yana cikin na wata uku zuwa shekara. Motsin 491 kuma sun ce kontabul ɗinsu ya yi tafiya.

Mai_Albasa:
Na gida ne ba zai ci ba! Ai na gida shi ke ci ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. Bare ka iya kai shi gaban alƙali, suruki fa? Ranar da ka aika masa hwisiye, ranar matarka za ta haɗa kayanta.

Kontabul_Marwa:
To yanzu ga abin aiki. Zan sa kason da ni nake amfani da shi in ba ni da tarihin kamfani, ba doka ba ce, kowa yana iya sa nasa. Na ƙasa da wata kashi 1, na wata ɗaya zuwa uku kashi 5, na wata uku zuwa shekara kashi 25, wanda ya haura shekara kashi 70. Zai ba ka dubu 520, da miliyan 1.65, da miliyan 7.75, da miliyan 16.8. Jimla miliyan 26.7 da 'yan kai. Su sun rubuta 7. Giɓin ya kusa miliyan 20, ya fi ribar shekarar gaba ɗaya. Ko da an bi gyaran Dalibi_Dang aka cire TVA daga duka, giɓin bai sauka ƙasa da miliyan 15 ba.

Abin da wannan ke nufi ga aljihunka: dukiyar da aka ce 100 ce, tana tsakanin 80 da 85. Kashi ɗaya cikin huɗu nata miliyan 20 zuwa 21 ne, ba 25 ba.

Hanya mafi kyau ita ce a fidda kason daga tarihinsu. A ɗauki shekara uku ko huɗu baya, a ga cikin bashin da ya taɓa haura shekara nawa ne ya dawo. Amma sai kontabul ɗin ya dawo daga tafiyar tasa.

Tsohon_Banki:
Kashi 25 a kan na ofishin hukuma ya yi yawa a ganina, Kontabul. Irin wannan bashin ba kasafai yake mutuwa ba in takardun sun cika, tsufa dai yake yi. Matsalarsa daban ce: kuɗinka suna kwance, kai kuma kana biyan masu ba ka kaya daga Duwala a kan lokaci, wani lokaci da rancen banki mai ruwa. A tabbatar akwai takardar oda da ta karɓar kaya masu sa hannu da hatimi. In babu su, to ya fi na surukin ma haɗari, don wanda ya karɓi kayan ana iya canza masa wurin aiki gobe.

A banki mu ba a bar mana wannan ga son rai ba. COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankinmu, ta sa ƙa'ida, rance in ya wuce wata uku ba a biya ba ya shiga sahun masu shakku, ko ɗan wane ne. Ɗan kasuwa ba a ɗora masa wannan ba, shi ya sa surukai ke samun wurin ɓuya.

Anti_Bilan:
Ni miliyan 52 ɗin nan da kowa ya wuce ta ita nake so a leƙa. Akwai dabarar da ke sa tsohon bashi ya riƙa zama yaro kullum. Mutum ana bin sa miliyan 5. Ya kawo 2, a ɗora a kan tsohuwar faktir, a ba shi kayan miliyan 3 a ranar. Wata mai zuwa haka. A takarda faktir ɗinsa ba sa tsufa sosai, amma abin da ake bin sa daga 5 ya koma 6, ya koma 7, ya koma 10. Da kayanka yake biyan ka. Na taɓa bin asusun wani mai kanti a wani kamfani da na yi wa aiki, shekara biyu bai taɓa sauka ƙasa ba ko sau ɗaya, kuma sunansa na cikin waɗanda ake yabo da biya. Ranar da aka ce ba kaya sai ya rage, ranar aka daina samun wayarsa.

Dan_Lopere, ka zaɓi manyan mutum goma, ka ce a buga maka asusun kowannensu daga Janairun 2023. Kada ka kalli kwanan faktir, ka kalli ragowar a ƙarshen kowane wata, hawa take ko sauka.

Lauya_Ndjam:
Ƙarin bayani ta fuskar doka, tunda an ambaci hwisiye. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da Cadi da wasu ƙasashen Afirka suka yi tarayya a kanta, ta sa wa'adin neman bashi. A dunƙule shekara 5 ne, amma cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa shekara 2 ne. In suka wuce ba ka yi komai ba, wanda kake bi yana iya tsayawa gaban alƙali ya ce lokaci ya shige. Wannan miliyan 15 da ta haura shekara, agogonta yana tafiya. Abin da ke katse wa'adin cikin sauƙi shi ne ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, daga nan a fara sabon ƙidaya.

In akwai faktir da takardar karɓar kaya, ana iya neman umarnin biya daga kotu ba tare da doguwar shari'a ba, matuƙar bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. An sabunta dokar da ta tsara wannan hanyar a 2023, ta fara aiki a Fabrairun 2024, wanda aka kai wa takardar yana da kwana 10 ya yi jayayya. Amma takardar kotu ba ta haifar da kuɗi a inda babu su.

Alhaji_Sari:
Lauya, a kasuwa in ka kai mutum ɗaya kotu, goma za su gudu daga shagonka. Mu dattawan kasuwa muke tarawa, a zauna a yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk sati. Ya fi jinkiri amma ba a rasa mutum. Ni shawarata ga yaron nan ba sai ya fasa ba. Kamfanin da ke juya miliyan 660 ba abin yarwa ba ne. Ya ce musu bashin surukin a cire shi daga lissafi, wanda ya kawo shi ya ɗauke shi a kasonsa. Sauran wanda ya haura shekara kuma a riƙe miliyan 3 ko 4 daga kuɗin sayen, in an karɓo a cika wa mai fita, in ba a karɓo ba shi ke nan.

Kontabul_Marwa:
Yau kam ni da Alhaji mun haɗu. Sai dai a rubuta shi a yarjejeniyar, da ranar da za a yi hisabi, kada a bar shi a baki.

Maman_Ikram:
Ni tambayata ɗaya, shi mai fitan me ya sa yake son fita bana?

Dan_Lopere:
Hajiya, an ce zai koma harkar shanu ne a Adamawa. Ban tambaya fiye da haka ba, kuma sai yanzu na ga ya kamata in tambaya. Surukin ma ban san ko nasa ba ne ko na waɗanda za su zauna.

Tsohon_Banki:
Wannan ta biyun ka fara da ita. In na mai fita ne, shawarar Alhaji_Sari ta wadatar, a yanke a kasonsa a wuce wurin. In na waɗanda za ka zauna da su ne, to ba miliyan 15 ce kaɗai damuwarka ba, wanda ya ba shi kayan yana nan kuma makullin sito na hannunsa.

Direban_Tirela:
Mbaimbum dai ina zuwa can ranar Laraba da lodin siminti. In ana so in leƙa ko kantin mutumin a buɗe yake, a turo mini kwatance ta akwatin sirri.

Dan_Lopere:
Zan turo, Direba, Allah ya kiyaye hanya. Anti_Bilan, asusun mutum goman da kika ce, in sun buga mini zan iya ɗaukar hotonsu in rufe sunayen in sa a nan? Manajan ya ce in dawo Alhamis bayan la'asar, wai kontabul ɗin zai iso daren Laraba.

Anti_Bilan:
Kada ka sa a zaure ko da ka rufe sunaye, garin ƙarami ne, za a gane su da adadin. Ka turo mini ni da Kontabul_Marwa kai tsaye. Kuma ka tafi da jerin 31 ga Disamba a hannunka, ka ce a buɗe littafin kes a gabanka, ba a buga maka wani sabo ba.